Gana: kwaɗon da aka ɗauka ya ƙare a duniya, da rigimar ma'adinin da ke ƙarƙashin dajinsa

A kan iyakar Gana da Togo akwai jerin tsaunuka masu kurmi, inda ruwa ke gangarowa daga duwatsu rani da damina. A cikin waɗannan ƙoramu ne wani kwaɗo yake zaune, wanda babu irinsa a ko'ina cikin duniya sai nan. Masana suna kiransa Conraua derooi, a bakin jama'a kuma an fi saninsa da kwaɗon Togo mai santsi. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, UICN, ta sa shi a cikin jan kundinta a matakin halittun da ke dab da ɓacewa. Wannan shi ne matakin ƙarshe, daga shi sai a ce babu sauran irin a daji.

Mun san abin da mai karatu zai fara cewa: kwaɗo kuma? Ga tsadar hatsi, ga matsalar tsaro, sai a zo mana da zancen kwaɗo? Tambaya ce mai kan gado. Amsar ita ce wannan kwaɗo ba ya rayuwa sai cikin ruwa mai tsabta, kuma ruwan da yake ciki shi ne mutane suke sha a ƙasan tsaunin. Wani ɗan'uwansa na kusa ma yana zaune ne a mafarin kogin da ke shayar da wani babban sashe na birnin Akra, inda ƴan Nijar da dama suke neman abincinsu. Saboda haka duk inda aka ce kwaɗon ya ragu, labarin ruwan wurin ake ba mu.

Ba irin kwaɗin tabkinmu ba ne

Kwaɗin da muka saba da su a Maraɗi, Damagaram ko Tawa masu juriya ne. Idan tabki ya ƙafe, wasu su shige cikin ƙasa su kwanta watanni, wasu su laɓe a bakin rijiya ko gindin randa. Ruwan farko na sauka, da dare sai ka ji gari ya ɗauki kuka kamar daga sama aka zubo su. Suna zuba ƙwai a kududdufi, ƴaƴan su ƙyanƙyashe da wutsiyarsu kamar ƙananan kifaye, cikin ƴan makonni su yi ƙafafu su fita kafin ruwan ya janye. Rayuwarsu gaba ɗaya an gina ta ne a kan cewa ruwa yau akwai, gobe babu.

Kwaɗon Togo bai san wannan rayuwa ba. Shi kullum cikin ruwa yake, kuma ba kowane ruwa ba: ƙorama mai gudu, mai sanyi, mai duwatsu, wadda manyan itatuwa suka yi wa rumfa har rana ba ta dukanta sosai. A nan yake cin abinci, a nan yake haihuwa, a nan ƴaƴansa suke girma. Tsawon jikin babba bai wuce santimita 8 da ƴan kai ba. Bayansa baƙi-baƙi ne kamar jiƙaƙƙen dutse, idanunsa sun firfito, ƙafafunsa na baya masu ƙarfi ne, yatsun a haɗe da fata don iyo. Fatarsa kuwa santsi gare ta ƙwarai, ka kama shi ya sulluɓe, daga nan sunan ya samo asali. Da rana yana ɓoye a ƙarƙashin duwatsu, sai dare yake fitowa. Kukansa ma daban ne: sauti ne siriri kamar mutum yana feɗuwa da baki, wanda ke iya ratsa ƙarar ruwa mai zuba. Shi ya sa wasu suke ce masa kwaɗo mai feɗuwa.

Danginsa na Conraua ba su da yawa, nau'insu bai kai 10 ba, kuma dukkansu a Afirka suke. A cikinsu akwai kwaɗon da ya fi kowanne girma a duniya, wanda ake kira Goliyat, a ƙasar Kamaru da Gine Ekwatoriyal. Shi yana kai santimita 32, nauyinsa ya haura kilo 3. Masana sun ba wannan dangi muhimmanci don tsohon reshe ne wanda ya rabu da sauran kwaɗi tun miliyoyin shekaru. In aka rasa ɗaya a ciki, babu wani makusanci da zai cike gurbinsa.

Akwai wani abu game da kwaɗi gaba ɗaya da ya kamata a riƙe, don shi ne mabuɗin sauran bayanin. Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki kamar akuya. Ta fata yake tsotsar ruwa, kuma ta fatar yake samun wani kaso na iskar da yake shaƙa. Ƙwansa ba shi da ɓawo. Ke nan duk abin da aka zuba a ruwa, sabulu ne, maganin feshi ne, man inji ne, kai tsaye yake shiga jikinsa. Mutum yana iya shekaru yana shan gurɓataccen ruwa kafin ciwo ya bayyana, kwaɗo kuwa ba ya kai haka.

An gan shi, an rasa shi, an sake ganinsa

Wani masani ɗan Beljik mai suna Hulselmans ne ya fara bayyana wannan kwaɗo a rubuce a 1972, daga samfurin da aka kamo a Misahohe, kusa da garin Kpalime na ƙasar Togo, wurin da Jamusawa suka taɓa kafa bariki zamanin mulkinsu. Ya raɗa masa sunan De Roo, wani masanin tsuntsaye da ke cikin ayarin binciken. Daga baya sai labarinsa ya yanke. Sama da shekara 20 masana ba su sake sa shi a ido ba, an je an duba wuraren da ake zaton yana nan an dawo hannu biyu, har aka fara cewa ƙila ya ƙare.

Sai a tsakiyar shekarun 2000 aka sake cin karo da shi a ƴan ƙoramu na tsaunukan iyakar Togo da jahar Bolta ta Gana. A 2006 kuma wani ayarin masu bincike da ya shiga dajin Atewa, can kudu maso gabashin Gana, ya tarar da kwaɗi masu kama da shi sak. Aka yi murna, aka ce ashe yana da gida na biyu, kuma gidan cikin gandun gwamnati yake. Za mu dawo kan wannan, don murnar ba ta ɗore ba.

Me ke ƙarar da shi

Na farko dai, ana cinsa. A ƙauyukan tsaunin naman kwaɗon abinci ne tun kaka da kakanni, ana bin ƙorama da fitila da dare ana kamawa. Wannan ba abin mamaki ba ne a yankinmu. Duk wanda ya san kasuwannin bakin Kwara ya san ana cinikin busasshen burduddugi, ana ɗaukarsa buhu-buhu daga wajen Malanbil, tsallaken Gaya, zuwa kudancin Najeriya. Wani bincike da aka buga a 2010 ya gano cewa ƴan kasuwa 32 kacal suna juya kwaɗi kusan miliyan 2.7 a shekara. To amma burduddugi yana ko'ina daga Senegal har gabashin Afirka, yana kuma haihuwa da yawa. Kwaɗon Togo a ƴan ƙoramu ƙalilan yake. Mutum biyu ko uku masu fitila suna iya share ƙorama guda cikin ƴan darare, kuma babu wata maƙwabciyar ƙorama da za ta aiko da wasu su maye gurbi.

Na biyu, wanda ya fi na farko nauyi, shi ne saran kurmi. Ana sare daji don gonar koko, kofi, rogo da ayaba, ana sara don katako da gawayi. Gana ita ce ta biyu a noman koko a duniya bayan Kodebuwa, kuma mafi yawan gonakin nan a kan tsohon kurmi aka yi su. Abin da ke faruwa da ƙorama idan aka sare itatuwan bakinta a jere yake zuwa. Rumfa ta tafi, rana ta shiga, ruwa ya ɗumama, kuma ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi. Saiwoyin da ke riƙe ƙasa sun mutu, to duk ruwan sama da aka yi sai ya kwaso jar ƙasa ya zuba a ƙorama. Laka ta cike ramukan da ke tsakanin duwatsu, wato maɓoyar manya da wurin da ƙananan ke samun abinci. Sannan ƙasar da ta rasa daji ba ta shanye ruwa ta riƙa sakinsa sannu a hankali. Da damina ambaliya, da rani ƙafewa. Kwaɗon da bai iya shiga ƙasa ya jira damina ba, ƙafewar wata biyu ta ishe shi.

Sai kuma amfanin yau da kullum. Inda babu famfo, ƙorama ita ce wurin ɗiban ruwa, wurin wanki, wurin wanka, a nan kuma manomi yake wanke tankin feshinsa bayan ya fesa wa koko magani. Babu wanda ya yi haka da mugunta. Mace da ke da tulin kayan wanki da yara huɗu ba ta da wani ruwan da za ta je.

Akwai barazana ta huɗu da ba ta iso ba tukuna, amma tana hana masana barci. Wata irin funfuna ce da ke kama fatar kwaɗi, ta hana fatar aikinta har zuciya ta tsaya. Wani babban nazari da mujallar Science ta buga a 2019 ya danganta ta da raguwar nau'o'i 501 na kwaɗi da danginsu a duniya, 90 daga ciki ana jin sun ƙare ke nan, akasari a Amurka ta Tsakiya da ta Kudu da Ostareliya. Kwaɗin ƙoramun tsaunuka ne ta fi yi wa ɓarna. An same ta a Najeriya da Kamaru. Amma binciken da aka wallafa a 2013 bai same ta ba a kurmin da ke yamma da sararin nan na Benin, wanda ya raba dajin Afirka ta Yamma gida biyu. Shi ya sa masu bincike na kirki suke wanke takalmansu da kayan aikinsu da magani kafin su tashi daga wata ƙorama zuwa wata. Laka a tafin takalmi ɗaya tana iya kai cutar inda ba ta taɓa zuwa ba.

In aka duba duniya baki ɗaya, ƙididdigar da aka fitar a watan Oktoba na 2023 ta auna nau'o'i fiye da 8,000 na kwaɗi da danginsu, ta ce kusan kashi 41 cikin 100 suna fuskantar barazanar ɓacewa. A duk dabbobi masu ƙashin baya babu rukunin da ya kai su shiga haɗari, kuma abin da ya fi shafar mafi yawansu shi ne mayar da mazauninsu gonaki.

Abin da aka yi a Amedzofe

Amedzofe gari ne na mutanen Abatime a jahar Bolta, a can ƙololuwar tsauni, ana ce masa garin da ya fi kowanne bisa a Gana. Ƙoramun da ke kewaye da shi suna cikin wuraren ƙarshe da kwaɗon ya rage. Kuma dajin wurin ba gandun gwamnati ba ne, filayen iyalai ne da na gargajiya. Ma'ana babu jami'in gandun daji da zai zo ya kafa allo ya ce an hana.

Mutumin da sunansa ya fi fitowa a wannan aiki shi ne Dakta Caleb Ofori-Boateng, masanin kwaɗi da dabbobi masu jan ciki, wanda ya yi aiki a cibiyar binciken gandun daji ta Gana da ke Kumasi, ya kuma kafa ƙungiyar Herp Conservation Ghana. Lokacin da ya fara, nazarin kwaɗi ba aiki ba ne da ake ganin ɗan boko zai kashe rayuwarsa a kai. Dabarar da ya ɗauka ita ce ya bi mutane inda suke taruwa. Yankin akasari Kirista ne, don haka ya riƙa neman izinin shugabannin majami'u a ba shi ƴan mintoci ya yi wa jama'a magana a kan amanar halittu da ke wuyan ɗan Adam. Ya zauna da sarakuna da dattawa, ya shiga makarantu. Ba aikin wata ɗaya ko shekara ɗaya ba ne.

Amma wa'azi kaɗai ba ya cika ciki, kuma a ganinmu nan ne aikin ya bambanta da tarukan wayar da kai da muka saba gani, waɗanda ake yi a watse a manta. An duba me ke kai mutane ƙorama da daji, aka nemi abin da zai maye gurbinsa. Aka samar da ruwan rijiya da famfo a gari, don a rage wanki da wanka a mazaunin kwaɗon. Aka ɗauki mutanen wurin, har da waɗanda da can mafarauta ne, aikin gadin daji da ƙidayar kwaɗi. Wanda ya san ramin da kwaɗo yake ɓuya don ya kama shi, ai shi ya fi kowa iya ƙirga shi. Aka kafa wuraren renon itatuwa, ana dasawa a bakin ƙoramun da aka sare.

A 2018 iyalai da sarakunan yankin suka ba da filayensu aka haɗa, majalisar gunduma ta amince, aka kafa mafakar halittu mai suna Onepone, mai faɗin hekta kusan 340, da tallafin ƙungiyar Rainforest Trust ta Amurka. Ƙaramin wuri ne in aka kwatanta da gandun W namu. Sai dai girman fili ba shi ne abin dubawa ba a nan, tunda ƙoramun da ake bukata suna ciki, kuma masu filin da kansu suka shata iyakar. A 2019 aka ba Ofori-Boateng lambar yabo ta Whitley a birnin Landan saboda wannan aiki. Daga baya an gina gadar igiya da ke ratsa saman itatuwa kusa da magangarar ruwan Ote, baƙi na zuwa suna biyan kuɗin shiga, matasan gari na samun aikin rakiya. Dajin kuma ba kwaɗo kaɗai ya ceta ba, akwai dabbar nan mai ɓawo a jiki da ake kira dankunya, da tsuntsaye da malam-buɗe-littafi iri-iri.

Mu a Nijar wannan salo ba baƙo ba ne gare mu. Raƙuman dawa na Kure sun ragu har zuwa 49 a 1996, suka farfaɗo suka haura 600, kuma babban dalili shi ne an sa mutanen ƙauyukan cikin lamarin, sun ga amfanin da ke shigo musu. Raunin salon ma iri ɗaya ne: ranar da baƙi suka daina zuwa ko tallafi ya yanke, alƙawarin yana shiga gwaji.

Atewa, inda yardar ƙauye ba ta isa ba

Yanzu mu koma kan waɗancan kwaɗi na dajin Atewa. Da aka yi binciken ƙwayoyin halittarsu, aka auna jikinsu, aka saurari kukansu, sai ta bayyana ashe ba kwaɗon Togo ba ne. Wani nau'i ne daban. A 2021 aka bayyana shi a hukumance da sunan Conraua sagyimase, don girmama mutanen garin Sagyimase da ke gindin tsaunin, waɗanda suka daɗe suna taimakon masu bincike. Labari ne mai daɗi da ɗaci. An samu sabuwar halitta, amma abin da ake zaton kwaɗo ɗaya ne mai gida biyu ya zama kwaɗi biyu, kowanne da gida ɗaya tak. Na Togo ya rasa madogararsa, na Atewa kuma a ƴan ƙoramu kaɗan aka san shi a duk faɗin duniya.

Atewa gandun daji ne tun 1926, faɗinsa ya haura hekta 23,000, a kusa da garin Kibi na masarautar Akyem Abuakwa. Kurmin kan tudu ne wanda hazo ke lulluɓewa, irin da ya yi ƙaranci ƙwarai a Gana. A nan aka gano wani ƙaramin kwaɗon da aka bayyana a rubuce a 2018, wanda Ofori-Boateng ya sa wa sunan mahaifiyarsa, Afia Birago. A nan kuma na'urar ɗaukar hoto ta kama wani biri mai farar ƙeya da ba a san yana wurin ba. Amma abin da ya fi shafar talaka shi ne koguna uku da ke tasowa daga tsaunin: Densu, Birim da Ayensu. Ana ƙiyasta mutum kusan miliyan 5 ne suka dogara da su. Densu shi ke cika madatsar Weija, wadda ke ba unguwannin yammacin Akra ruwan famfo.

Matsalar ita ce a ƙarƙashin wannan daji akwai boksit, jar ƙasar da ake tacewa a samu alminiyam, wato sanholon da ake ƙera tukwane, kwanon rufi, gwangwani da sassan mota. Boksit ba a rami mai zurfi yake ba kamar zinariya. Shimfiɗe yake a saman tudu, ƴan mitoci ƙarƙashin ƙasa. Kafin a ɗebe shi sai an sare itatuwan wurin duka, a kwashe ƙasar sama da katafila, sannan a kankare shimfiɗar. Ana bukatar tan 4 zuwa 5 na boksit kafin a samu tan 1 na alminiyam. Kuma wannan shimfiɗa da dajin da ke kanta su ne sosan da ke shanye ruwan sama su sake shi a hankali cikin ƙoramu. Ana iya sake dasa itatuwa bayan an gama haƙa, amma ba a san yadda za a mayar da kurmin da ya yi dubban shekaru yana ginuwa ba, balle ƙoramar da kwaɗon zai yarda da ita.

A 2018 gwamnatin shugaba Nana Akufo-Addo, wanda shi kansa ɗan asalin Kibi ne, ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Sinohydro na ƙasar Sin: za a gina hanyoyi da gadoji na dalar Amurka miliyar 2, a biya da kuɗin da za a samu daga tataccen boksit. A shekarar aka kafa hukumar GIADEC don ta jagoranci harkar. Hujjar gwamnati ba ta banza ba ce. Gana ta daɗe tana fitar da ɗanyen boksit daga Awaso tun shekarun 1940, wasu ƙasashe na cin ribar tacewa. Matasa na neman aiki. Hanyoyi sun lalace. Shugaban ya sha cewa za a yi haƙar ta hanyar da ba za ta cutar da namun dajin ba. A yankin ma akwai masu goyon baya, don ga wanda ba shi da aikin yi, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Masu adawa, ƙarƙashin jagorancin ƙungiyar A Rocha Ghana da mazauna yankin, suka ce a mayar da Atewa gandun ƙasa mai cikakken tsaro. Suka kawo nazarin tattalin arziki na 2016 da ya nuna cewa in aka yi lissafi na dogon lokaci, ruwan sha da na noma da yawon buɗe ido sun fi haƙar amfani ga ƙasa. Suka kuma tuna wa gwamnati cewa mafi yawan boksit ɗin Gana ba a Atewa yake ba, yana Nyinahin ne a jahar Ashanti. A watan Maris na 2018 wasu suka yi tattaki na kwana 6, kilomita 95, daga gindin dajin zuwa fadar shugaban ƙasa a Akra, ɗauke da ruwan kogunan. Duk da haka a 2019 katafiloli suka shiga suka buɗe hanyoyi don haƙar gwaji. A 2020 ƙungiyoyin da wasu ƴan ƙasa suka kai gwamnati babbar kotu, suna cewa haƙar ta saɓa wa ƴancinsu na rayuwa cikin muhalli mai lafiya. A 2021 kamfanonin BMW, Tetra Pak da Schüco suka ce ba za su karɓi alminiyam da aka samo daga Atewa ba.

Wani zai ce, to me zai hana a kwashe kwaɗin a kai su gidan renon dabbobi, a yi haƙar, daga baya a mayar da su? An taɓa gwada irin haka a Tanzaniya. Akwai wani ɗan ƙaramin kwaɗo da ke rayuwa cikin feshin magangarar ruwan Kihansi kaɗai. Aka gina madatsar lantarki, ruwan da ke zuba ya ragu ƙwarai. A 2000 aka kwashi kusan 500 aka kai Amurka, gidajen dabbobi na Bronx da Toledo suka yi ta renonsu. A gida aka kafa bututun feshi don kwaikwayon magangarar, amma kwaɗin suka ƙare, cutar funfuna ta ƙarasa su, a 2009 aka bayyana cewa babu sauransu a daji. Tun 2012 ake mayar da waɗanda aka rena, da kuɗi masu yawa, kuma zamansu a wurin ya dogara ne da bututun da mutum ya kafa. Wannan kwaɗo ne da ake iya renonsa dubbai cikin akwatunan gilashi. Mai bukatar ƙorama mai gudu ya fi haka wuya.

Har Akufo-Addo ya sauka daga mulki a Janairun 2025 ba a fara babban haƙar boksit a Atewa ba, kuma ba a ba dajin matsayin gandun ƙasa da ake nema ba. A tsakanin nan wata ɓarnar ba ta jiran hukuncin kotu. Masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, abin da ƴan Gana ke kira galamse, sun mamaye gindin tsaunin da bakin kogin Birim. Wanda ya ga yadda Ɗan Isa ko Jado suka koma cikin ƴan watanni bayan an ji ƙishin-ƙishin zinariya, ya san irin saurin abin. Bambancin kawai a Gana cikin kogi ake wanke ƙasar, da injuna da zaiba. Birim ya koma ruwan kunu, har kamfanin ruwa na ƙasar ya sha rufe matatarsa ta Kibi saboda injunan ba sa iya tace lakar. Kuma duk hanyar da aka buɗe cikin daji, ko da sunan gwaji ne, masu zarton inji da mafarauta da masu neman zinariya suna bin ta su hau sama, wajen ƙoramun da kwaɗon Sagyimase yake.